Matakalar da Tela Ya Ɗinka wa Inna

Har yau in aka ambaci Tela a layinsu, kafin a tuna rigunan da ya ɗinka cikin shekara talatin da biyar, sai an fara tuna ranar da aka hango shi a tagar bene, kai duk ƙura, yana leƙen titi kamar tantabarar da aka manta ba a buɗe wa ƙofa ba. Ya ɓamɓare matakalar gidansu kaf, taki goma sha uku, kuma daga ƙasa ya fara. Sai ya tsaya a kan na biyu ya sunkuya ya cire na ɗaya, ya hau na uku ya cire na biyu, a haka yana ja da baya yana hawa, har ya ciro na ƙarshe ya miƙe yana share gumi. Sai da ƙishirwa ta kama shi ya juyo zai sauka, ya ga babu abin takawa. Dogayen katakan gefe biyu kawai suka rage, da iska a tsakaninsu.

Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune a bakin gado tana sauraron komai. Ta ce, "Babba, ka gama?"

Ya ce, "Na gama, Inna."

Ta ce, "To sannu da zuwa. Ga tabarma nan."

Da wani ne, da ya kira maƙwabta an kawo tsani, magana ta ƙare kafin shayi ya huce. Amma Tela ya riga ya tura matarsa wurin 'yar'uwarta tun da safe don kada labarin aikin ya fita, ya kulle ƙofar gida ta ciki, mukullin kuma yana aljihunsa, wato shi ma yana sama. Tagar kuwa shi da kansa ya sa aka yi mata ƙarafa saboda ɓarayi. Kafinta, wanda shagonsa ke tsallaken titi, ya taho da tsani a kafaɗa ya tsaya a ƙarƙashin taga ya ce, "Maƙwabci, jefo mukulli in buɗe in jingina maka wannan ta ciki."

Tela ya dube shi, ya dubi tsanin, ya ce, "Wa ya aiko ka?"

A saman nan ya yini har la'asar, sai da matarsa ta dawo ya jefa mata mukullin, shi ma bayan ya tambaye ta abin da ya tsayar da ita a hanya.

Wannan tambaya ita ce sunansa na biyu. Ba a faɗa a gabansa, amma ko'ina a layin Wa-ya-aiko-ka ake ce masa. Ba mugun mutum ba ne. In maƙwabci ya kwanta ciwo shi ne na farkon zuwa dubiya, sai dai da ya zauna zai jawo kwalin magani ya juya shi ya duba ko ya lalace, sannan ya tambayi wanda ya rubuta. Shagonsa shi ne ɗakin gaba na gidan: keken ɗinki na ƙafa, teburin yanka da ya sha alli, da almakashi ɗaure da igiya a ƙafar tebur. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya auna shi sau biyu, na biyun ba zato ba tsammani, bayan mutum ya saki ciki, don a cewarsa babu wanda ba ya yi wa tef ƙarya. Matarsa takan ce shekararsu talatin tare, amma har gobe in sukarin shayinsa ya ɗan fi na kullum, sai ya ajiye kofin ya ce, "Faɗi abin da ya faru."

Gidan na mahaifinsu ne, tsohon gida mai kauri, kuma marigayin ne ya kafa matakalar da hannunsa, daga lungun kicin zuwa ɗaki ɗaya tilo da ɗan banɗaki a sama. Shekara hamsin ke nan Inna tana ɗakin. Yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambancewa, amma kullum da hantsi takan sauko da ƙafarta ta zauna a kujerar bakin kicin ta yi wa kowa gyara, da yamma ta koma. Ana nan sai wani taki da gara ta cinye ta ciki ya dare a ƙarƙashin ƙafarta. Allah ya kiyaye, ƙujewa kawai ta yi a ƙwauri.

Washegari sai ga ƙaninsa, Auta, da motarsa, tare da wani baƙo mai takalmi yana sheƙi. Auta ya duba ƙafar Inna, ya sauko ya ce, "Yaya, wannan ba matakala ba ce, tarko ne. Gidana babu bene. In wata ya ƙare tana yadda take, zan zo in tafi da Inna. Ko kuma ka bari in sa Kafinta ya gyara."

Tela kuwa idonsa yana kan baƙon. Ya ga ya ƙwanƙwasa bango. Ya ga ya ɗaga kai ya bi tsawon matakalar da ido yana motsa baki. Ruwa dai ba ya tsami banza. In Inna ta bar gidan nan, me zai hana gobe a ce a sayar? Shi kuma Kafinta, ba a makon jiya aka gan shi yana gaisawa da Auta hannu bibbiyu ba? A ba shi aikin, ya buga nan ya buga can, ya ce ai gidan gaba ɗaya ya ruɓe. A ƙarƙashin duk wannan lissafi kuma akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Tun da ya buɗe shago bai taɓa taka keke ba sai ya ji saukowar Inna ta bayan bango, taki ɗaya bayan ɗaya. Bai san yadda ake fara yini ba tare da wannan ba, kuma ba ya son ya koya.

Ya ce, "Ni zan gyara."

Auta ya ce, "Yaya, kai fa tela ne."

Ya ce, "Wanda ya iya haɗa wuyan riga da kafaɗa, katako ba zai gagare shi ba."

Abin da ya kai shi tagar bene ke nan. A wurinsa riga daga kalmasa ake farke ta, saboda haka matakala ma daga ƙasa. Kowane katako ya cire sai ya rubuta masa lamba da alli, ya hau da shi ya tura ƙarƙashin gadon Inna, don bai yarda ya bar su a ƙasa ba, wai kada a yi masa musaya.

Bayan abin da ya faru ya karɓi tsanin Kafinta, amma sai da ya bi takinsa ɗaya bayan ɗaya yana neman alamar zarto. Inna kuwa ta ce ita ba ƙadangaruwa ba ce da za ta bi tsani, tana nan sama har a gama. Aka ɗaura bokiti da igiya, abinci ya hau, kwano ya sauko, tare da saƙon cewa gishiri ya yi yawa.

Masu sayar da katako huɗu ya zagaya. Ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya kankare da farce ko an shafa fenti an rufe ɓaraka. Da ya kawo gida ya yanka samfuri da tsohuwar jarida kamar zai fitar da hannun riga, ya shata da alli, ya yini yana jan zarto har kafaɗarsa ta sage. Ya ɗauki na farko ya kai, ya ƙi shiga. Na biyu ya ƙi. Duka goma sha ukun suka ƙi, kowanne ya fi gurbinsa tsawo.

Ya zauna a ƙasa ya fara bincike. Ya miƙe tef ɗinsa ya gwada shi da wani, ko an musanya masa. Ya dafa bango ko ya matso. Daga nan ya kira matarsa ya ce, "Jiya da na fita, wa ya shigo gidan nan?"

Ta ce, "Mai karanta mitar ruwa."

"Ya tsaya kusa da katakan?"

"Malam, tsaya. Nawa ka auna?"

"Inci talatin da biyu."

"Nawa ka yanka?"

"Talatin da huɗu mana. Ai sai an bar na ɗinki."

Ta dubi katakan, ta dube shi. Can ta ce, a hankali, kamar mai tambayar hanya, "Shi katakon, kalmasa shi za ka yi?"

Bayan azahar ya ɗauko zarto yana rage inci bibbiyu. Nan ne ya ce da bango, ba da ita ba, gara ya yi yawa da ya gaza.

A cikin wannan aiki ne ya gano abin da ya ɗaure masa kai. Da ya auna tsoffin ramukan ƙusa a jikin katakan gefe, sai ya ga tazarar ba ɗaya ba ce. Wani taki inci biyar, wani takwas. Na tsakiya ya fi sauran faɗi kamar ɗan benci. Na uku kafin ƙasa kuwa ƙusa biyu kacal ke riƙe da shi, shi ya sa tun yana yaro yake kuka in an taka. Tela ya girgiza kai. Baba, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma ko dai ba shi da idon awo, ko kuwa wani ya sayar masa da tef ɗin banza. Ya raba tsawon daidai wa daida, inci bakwai-bakwai, ya kafa da gam da ƙusa, ya goge da samfefa, ya shafa mai har tana ɗaukar ido. Tsoffin ramukan kuwa ya ƙi toshe su, ya bar su shaida, ko wata rana a ce shi ya ɓata aikin Baba.

Saura kwana biyu wata ya ƙare Auta ya zo dubawa. Tela ya hau ya sauka, ya tsaya a tsakiya ya yi tsalle da duk nauyinsa, ko ƙis ba a ji ba. Auta ya shafa katakon ya ce, "Yaya, gaskiya ban zaci haka ba." Tela ya ajiye wannan yabo a ransa don ya bincike shi daga baya.

Aka kira Inna. Ta dafa bango ta sauko taki ɗaya. Ta miƙa ƙafa na biyu, ƙafar ta yi ta lalube kafin ta samu. Ta yi na uku, ta yi na huɗu, kowanne sai ta tsaya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. A na biyar ta saki jiki tun ƙafar ba ta kai ba, ta tafi gaba ɗaya, Allah ya sa Tela yana ƙasa da ita ya tare ta da ƙirji. Ta zauna a kan takin tana haki. Da numfashinta ya dawo ta ce, "Wannan matakalar wa ce?"

Ya ce, "Taki ce, Inna. Sabuwa."

Ta ce, "Tawa tana magana. Wannan bebiya ce."

Ta juya ta koma sama da rarrafe, ba ta bari kowa ya taɓa ta ba. Auta ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Yaya. Jibi zan zo da mota."

Tela ya koma shago ya zauna gaban keke bai taka ba. Matakala lafiya lau, mai ido ma ya yaba, amma a ce ta gagari wadda ta yi shekara hamsin tana hawa? Biri ya yi kama da mutum. Ya tuna Auta ya shigo da leda, ya hau da ita, ya sauko babu ita. Ya tashi ya hau.

Ya ce, "Inna, tsakaninki da Allah, me Auta ya yi miki alkawari?"

Ta ce, "Lemo ya kawo mini. Ga guda nan, ka ɓare ka duba ko akwai takardar gida a ciki." Ta yi dariya har sai da ta yi tari. Sannan ta ce, "Jawo katakan nan da ka cika mini ƙarƙashin gado da su."

Ya jawo su ya jera a tabarma. Ta bi su da tafin hannu, shi kuma sai a lokacin ya lura kowanne yana da ɗan kwari a inda ƙafarta ke sauka, wani a dama, wani a hagu.

Ta ce, "Tun da na haife ka ƙuguna na hagu bai koma daidai ba. Da Babanku zai kafa matakalar nan, tsayar da ni ya yi. In ɗaga ƙafa, ya sa alama. Inda ya ji na yi nishi ya rage, inda na wuce da sauƙi ya ƙara. Wannan mai faɗin nan nake hutawa, kai kana bayana kana cizon kafaɗata." Hannunta ya kai kan na uku kafin ƙasa, ta ɗan bubbuga shi. "Wannan kuwa da gangan ya bar shi yana kuka, don mu riƙa jin ka in kana saɗaɗawa satar sukari. Bai yarda da kai ba ko kaɗan. A wurin wa kake tsammani ka gaji halin? Da idona ya tafi, katakon nan ke gaya mini saura biyu in taka ƙasa."

Tela ya ɗauki katakon ya juya shi.

Ta ce, "Kai da ba ka yarda da cikin mutum sai ka auna shi sau biyu, ka yi mini matakala ba ka auna ni ba. Ta kanti ka yi mini, Babba."

A duk zagin da ake yi wa tela babu wanda ya kai wannan. Ya zare tef daga wuyansa ya durƙusa ya auna tafin ƙafarta, ya auna iyakar ɗagawar ta dama, ya auna ta hagu. Ya sauka ya gwada da tsoffin ramukan ƙusar da ya bari shaida. Suka yi daidai, har rabin inci. Shaidar ta tsaya, sai dai a kansa ta tsaya.

Matsalar ita ce ya kafa da gam mai ƙarfi, ga kwana biyu kacal, ga kafaɗa ta sage. Ya tsaya a ƙofar shago yana duban tsallaken titi har mai wucewa ya tambaye shi ko lafiya. Daga ƙarshe ya tsallaka.

Kafinta yana feren ƙafar kujera. Ya ɗago ya ga mai zuwa, ya ajiye aiki, ya gyara tsayuwa kamar wanda ya shekara yana jiran wannan rana. Ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Tela ya ce, "Inna."

Kafinta ya ce, "To mun zama ɗaya. Ni ma ran nan ita ta aiko ni. Tun kana kan katako na uku ta leƙo taga ta ce, 'Kafinta, shirya tsani, ɗana yana tahowa.'"

Tela ya yi kamar bai ji ba. Ya ce, "Ka iya sa katako ya yi kuka?"

Kafinta ya ce, "Shekara arba'in ana kirana in hana shi. Amma mu je. Daga ina za mu fara cirewa, maƙwabci, sama ko ƙasa?"

Daga sama suka fara. Kafinta yana ɓamɓara, Tela yana biye da tef yana duba kowace ƙusa kafin a buga. Suka mayar da kowane taki gurbin da Baba ya ajiye shi, suka faɗaɗa na tsakiya. Kukan ne ya ba su wahala. Kafinta ya sassauta ƙusa ya taka, Inna ta ce daga sama, "Wannan kukan ɓera ne." Ya ƙara sassautawa, ta ce, "Yanzu kuma ƙofa ce." Sai Tela ya hau ya ɗauko tsohon katakon kansa, ya ƙwanƙwasa ya ji gara ba ta taɓa shi ba, suka mayar da shi da ƙusoshinsa biyu a tsoffin ramukansu. Kafinta ya taka. Daga sama Inna ta ce da katakon, "Yawwa. Ka dawo?"

Ran da wata ya ƙare Auta ya iso da hantsi, ya bar mota a kunne. A bayansa ga baƙon nan mai takalmi mai sheƙi, ɗauke da dogon ƙarfe a kafaɗa. Ashe mai walda ne, abin dafawa ya auna ran nan, Auta ya ce ko Inna ta tafi ai masu gidan za su ci gaba da hawa. Tela ya dubi takalmin ya ce a ransa, mai walda da takalmi haka, akwai dai magana.

Ba wanda ya kira Inna. Suna tsaye sai suka ji motsinta. Ta sauko taki ɗaya, biyu, uku, ba lalube, hannu ɗaya a bango ɗaya riƙe da gefen zane. A mai faɗin ta tsaya ta huta kamar yadda ta saba, ta ci gaba. Katakon ya yi kukansa, ta ce, "Saura biyu," ta taka ƙasa ta wuce su ta zauna a kujerar bakin kicin.

Ta ce, "Auta, je ka kashe motar nan, tana shan mai a banza. In kana son ganina ka zo ka hau, matakala za ta gaya mini ka iso."

Auta ya fita kashe mota, ya ɗan daɗe kafin ya dawo, ya ce ƙura ce ta shiga masa ido. Tela bai yarda ba, amma a wannan karon bai bincika ba. Ya bari aka kafa ƙarfen dafawar, yana tsaye a kan mai walda har ya gama, sannan ya shiga shago ya taka keke.

Matakalar tana nan, karkatacciya, sabbin katako goma sha biyu da tsoho ɗaya. Baƙo in ya hau sai ya yi tuntuɓe, Inna kuwa ko a jikinta. Masu kawo ɗinki kuma ba su fasa tsokanarsa ba. Wani yana tsaye hannuwa a buɗe ana auna shi, sai ya ce, "Baba Tela, wai da gaske ne ka taɓa maƙalewa a bene yini guda?"

Tela ya ja tef ya matse masa ciki, ya rubuta lamba, ya ce, "Wanda ya yini a ɗakin mahaifiyarsa ba maƙalewa ya yi ba, ziyara ya kai. Saki cikin in sake aunawa. Kuma kafin mu yi nisa, wa ya aiko ka ka tambaye ni?"